Yadda ake yi wa gona da dabbobi inshora, daga awon fili har karɓar diyya

Duk shekarar da ruwa ya ci gonaki sai tambayar nan ta dawo: wai inshorar gona da ake faɗa a rediyo, ta ina ake shiga, nawa ake biya, kuma da gaske suna ba da diyya? An yi ta bayan ambaliyar 2020 da ta kwashe shinkafar Kebbi, an yi ta a 2022 da kogin Haɗeja ya mamaye gonakin Jigawa, an sake yi a 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Maiduguri. Sai dai a lokacin da ake tambayar bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin babu kamfanin da zai karɓi gonar da ke ƙarƙashin ruwa. Matakan nan na wanda zai fara shiri tun da rani ne.

Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Galibin inshorar gona a Najeriya kuɗin da ka zuba take mayar maka, ba ribar da ka sa rai ba, kuma ko kuɗin da ka zuba ɗin, sai wanda ka iya nunawa a takarda.

1. Duba ko an riga an yi maka ba ka sani ba

Idan bashin noma ka ci daga Bankin Manoma, ko wani banki, ko kamfanin da ke ba da iri da taki a biya shi da amfanin gona, akwai yiwuwar an cire kuɗin inshora daga cikin bashin. Haka aka riƙa yi a shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba 2015, kuma manoma da yawa har suka gama biya ba su san akwai inshora a kansu ba. Ka je wurin wanda ya ba ka bashin ka tambayi sunan kamfanin inshorar, lambar takardar yarjejeniyar, da wanda ake kira idan an yi asara.

Gargaɗi: a irin wannan tsari diyyar kan tafi asusun bashin kai tsaye. Ba za ka ga kuɗi a hannu ba, bashinka ne zai ragu. Ka nemi a nuna maka hakan a rubuce, kada a biya banki kuma a zo ana bin ka cikakken bashi.

2. Zaɓi irin inshorar da ta dace da gonarka

Nan ne aka fi tafka kuskure, don haka zan daɗe a kai.

Iri na farko shi ne wanda ake duba gonarka ita kanta. Ambaliya, fari, guguwa, ƙanƙara, gobara, ƙwari ko cuta suka lalata shukarka, ma'aikacin kamfani ya zo ya gani da idonsa, ya ƙiyasta asarar, a biya ka gwargwadonta. Shi ya fi dacewa da mai gonar da hatsarinta nata ne ita kaɗai, kamar gonar bakin kogi ko ta cikin kwari. Aibinsa jinkiri, da jayayya kan yawan asarar.

Iri na biyu ba ruwansa da gonarka, amfanin yankinku gaba ɗaya yake kallo. Da kaka ma'aikata za su zaɓi wasu gonaki a yankin, su yanki ƴan murabba'ai, su auna abin da aka samu, su fitar da matsakaici. Bari mu ƙaddara an saba samun buhu 30 na masara a hekta a yankinku, kamfani ya yi alkawarin kashi 70 cikin 100, wato buhu 21. Idan awon bana ya nuna buhu 14, an gaza da buhu 7, sulusin abin da aka yi alkawari ke nan, sai a biya kowa sulusin kuɗin da ya yi wa inshora, har da wanda gonarsa ta yi kyau. Amma idan awon ya nuna buhu 25, kai kuwa ruwa ya share taka gonar tas, ko sisi ba za ka samu ba. Ba zamba aka yi maka ba, haka yarjejeniyar take. Shi ya sa kafin ka sa hannu ka tambayi iyakar yankin da aka sa ka. In an haɗa gonarka ta fadama da gonakin tudu a yanki ɗaya, shekarar ambaliya su za su yi albarka su ɗaga matsakaicin, kai ka tashi a tutar babu.

Iri na uku da ruwan sama yake aiki. Ana auna ruwan da ya sauka ta na'urar auna ruwa ko tauraron ɗan'adam, idan ya gaza wani adadi a wasu kwanaki da aka ƙayyade, ko ya wuce kima, sai a biya ba tare da kowa ya taka gonarka ba. Ya fi sauri, kuma ya dace da mai gero da dawa da wake a wuraren da fari ne babban abin tsoro, irin su arewacin Katsina, Sakkwato da Yobe. Amma ba ya ganin tsutsar masara, ba ya ganin jan baki, kuma kowa ya san ruwa kan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi.

A ganina mai hekta ɗaya ko biyu ya fi samun sauƙi a iri na biyu ko na uku ta hanyar ƙungiya, mai babbar gona ko mai noman rani da ya zuba jari mai nauyi kuma ya nemi na farko. Wanda kuwa ya shuka irin da ya ajiye a rumbu, ya zuba takin gida, shi da ƴaƴansa suka yi noman, abin da za a mayar masa kaɗan ne, don tsabar kuɗin da ya kashe kaɗan ne. Irin wannan manomi gaurayen gero da wake da ƴan awakinsa sun fi tsare shi.

3. Inda ake saye

Hukumar inshorar noma ta gwamnatin tarayya, NAIC, ita ce tsohuwar hannu. An fara shirin a 1987, doka ta kafa hukumar a 1993, babban ofishinta na Abuja, tana da rassa a jihohi. Abin da ya bambanta ta da saura shi ne rangwame: a kan amfanin abinci irin su masara, shinkafa, gero, dawa, rogo da doya, da dabbobi irin su shanu, tumaki, awaki da kaji, tsarin ya tanadi gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin inshorar, tarayya kashi 37.5, jiha kashi 12.5. Ka tambaya ko abin da kake nomawa na cikin masu rangwame, kuma farashin da aka faɗa maka kafin rangwame ne ko bayansa.

Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke yin inshorar noma, kamar Leadway da AIICO. Akwai kuma kamfanonin takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda abin da malamai suka faɗa kan riba da garari, wato rashin tabbas a ciniki. A takaful gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya a taimaki wanda asara ta faɗa wa, in an samu rara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ka tambaye su ko suna da tsarin noma ko kiwo a jiharku a wannan shekara.

Hanya mafi sauƙi ga ƙaramin manomi ita ce ƙungiyar gama-kai ko reshen ƙungiyar manoma ta ƙasa, AFAN, ko ta manoman shinkafa, RIFAN, ko malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta jiharku, kamar KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa.

Gargaɗi: hukumar NAICOM ce ke ba kamfanonin inshora lasisi, kuma sunayen masu lasisi na shafinta na intanet. Ka sa yaro ya duba maka. Kada ka danƙa wa wakili tsabar kuɗi, ko da ɗan garinku ne. A asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin za ka zuba. In ta ƙungiya ce, ka ga sunanka da girman gonarka a jerin da aka miƙa wa kamfani da idonka.

4. Auna gonar, haɗa takardu

Kamfani da hekta yake lissafi. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Mafi yawanmu da ido muke ƙiyasi, kuma ido kan ƙara wa gona girma. Malamin gona zai zagaya iyakar da wayar hannu mai manhajar awon fili ya ba ka girmanta da lambobin da ke nuna wurinta a taswira. Ka rubuta su ka adana.

Sauran abubuwan: katin shaida ko lambar NIN, hoto, asusun banki da sunanka, lambar wayar da ba za ka canja ba, da shaidar cewa kai ke noma filin. Gonar aro, haya ko jingina ma ana yi mata, amma ka samo takarda daga mai filin da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Matan da ke noma filin miji ko na gado su tabbata sunansu da asusunsu ne a fom, domin wanda sunansa ke rubuce shi ake biya.

Gargaɗi: kada ka rage girman gona don kuɗin ya yi sauƙi. In kana da hekta 2 a haɗe ka rubuta 1, ranar asara za a ce rabin gonar ka yi wa inshora, a raba diyyar biyu. In ka ƙara girman kuma, ka biya kuɗin banza, awon ranar asara shi za a bi.

5. Yi lissafin kuɗin

Ka zauna da biro ka jera abin da hekta za ta ci. Alƙaluman nan misali ne kawai, kai ka sa farashin kasuwarku ta bana: iri 40,000, taki 300,000, maganin ciyawa da na ƙwari 60,000, haro da huɗa 80,000, ƙwadago daga shuka zuwa girbi 120,000. Jimla naira 600,000. Wannan shi ne kuɗin da za ka yi wa inshora.

Kamfani zai faɗi kason da zai karɓa. Ya danganta da irin amfanin, da yankin, da tarihin asarar wurin, shinkafar bakin kogi ba za ta zo daidai da dawar tudu ba. Idan an ce 4 cikin 100, naira 24,000 ke nan, in akwai rangwamen rabi ka biya 12,000.

Saura abubuwa biyu da wakilai ba su cika son daɗewa a kansu ba. Na farko, akwai kason asarar da kai za ka ɗauka da kanka. Idan takarda ta ce 10 cikin 100, gonar ta hallaka gaba ɗaya dab da girbi, 540,000 za a ba ka, kuma ƙaramar asarar da ba ta kai wannan kaso ba ba a biyan ta sam. Na biyu, diyya na bin matakin da shuka ta kai. In ruwa ya ci ta sati uku da tsirowa, ba ka zuba taki na biyu ba, ba ka yi maimai ba, ba ka biya masu girbi ba, to abin da ka kashe zuwa ranar shi za a lissafa. Ka nemi jadawalin matakan nan tun kafin ka biya.

6. Cike fom, biya, karɓi takarda

Ka yi wannan kafin shuka ko da zarar ta tsiro, kowane kamfani na da ranar rufewa. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a kowace jiha. Ka tsara ranar shukarka da shi, domin wanda ya yi binne tun ruwa bai zauna ba, ko ya yi shuka a makare, ya ba kamfani ƙofar cewa sakacinsa ne.

A fom ka faɗi gaskiya ko da ba ta yi maka daɗi ba. In ruwa ya taɓa cin gonar, rubuta. In masara da wake ka gauraya, rubuta duka biyun. Za su iya turo ma'aikaci ya duba gonar kafin su amince, kuma abin da ka ɓoye shi za a fara tonowa ranar neman diyya.

Gargaɗi: dokar inshora a Najeriya ta ce in ba a biya kuɗi ba babu inshora. Alkawarin wakili na “ka kawo bayan kasuwar Laraba” ba ya tsare ka. Sai kuɗi ya shiga, ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya mai lamba, da ranar farawa da ranar ƙarewa.

7. Sa a karanta maka abin da ba sa biya

Takardar da Turanci take zuwa. Ka samu wanda ka yarda da shi, ba wakilin da ya sayar maka ba, ya karanta maka sashen abubuwan da aka cire. Waɗanda aka saba cirewa: sata, tarzoma da hare-haren ƴan bindiga, faɗuwar farashi, asarar bayan girbi a masussuka ko rumbu, da sakaci kamar barin ciyawa ta danne shuka. Ka yi tambaya musamman kan ɓarnar shanu, da gonar da rashin tsaro ya hana ka zuwa girbe ta, don a Zamfara da Katsina da Neja waɗannan sun fi fari zama abin fargaba. Mai tumatir ya tambayi tsutsar nan da ta cinye gonakin Kadawa a 2016, mai citta ya tambayi cutar da ta afka wa kudancin Kaduna a 2023. In amsar ita ce “ai duk muna biya”, ka ce a nuna maka layin.

8. Riƙe littafi duk damina

Littafin makaranta mai rahusa ya isa. Ranar shuka, sunan iri, ranar zuba taki da buhu nawa, ranar feshi da sunan magani, kuɗin ƴan ƙwadago. Rasit ɗin dila ka lanƙwasa ka sa a leda. Duk sati biyu ka ɗauki hoton gonar daga kusurwa ɗaya, yadda wata bishiya ko alama za ta riƙa fitowa a ciki.

9. Ranar da asara ta zo

Ka sanar nan take. Wa'adin sanarwa gajere ne, awanni ne ko ƴan kwanaki, yana rubuce a takardarka, kuma lattin sanarwa na cikin manyan dalilan hana diyya. Ka kira, sannan ka tura saƙon rubutu mai lambar takardarka, da abin da ya faru, da ranar, don kira ba ya barin shaida. In akwai ofishi kusa, kai wasiƙa a buga maka hatimi a kwafinka.

Ɗauki hoto da bidiyo tun ruwa bai janye ba. Kira malamin gona da mai unguwa su gani. Abin da za ka iya cetowa ka ceto, ka buɗe wa ruwa hanya, ka yi feshi in ƙwari ne, domin yarjejeniya ta ɗora maka rage asara.

Gargaɗi: kada ka nome gonar, kada ka sake shuka, kada ka saki dabbobi a ciki kafin mai ƙiyasta asara ya zo. Na san wannan da ciwo, damina ba ta jira, mutum na son ya jefa wake ko kankana ya rage zafi. In sun yi jinkiri, ka nemi izinin sake shuka a rubuce, ka bar wani yanki yadda yake.

Ranar duba gona ka kasance a wurin. Kada ka sa hannu a rahoton da ba a karanta maka ba, in ba ka yarda da kason asarar da aka rubuta ba ka sa a rubuta hakan kafin ka sa hannu, ka ɗauki hoton takardar.

10. Dabbobi da kaji

Matakan na sama duk suna nan, da ƙarin waɗannan. Likitan dabbobi zai duba su ya ba da takardar lafiya, a ƙiyasta kuɗin kowace, a sa mata lamba a kunne, a ɗauki hoto. Lambar kunne ta faɗi, ka sanar a ranar, domin dabbar da ta mutu ba lamba kamfani bai san ta ba. Za a nemi shaidar rigakafi: ciwon huhu da harbin daji ga shanu, annobar PPR ga tumaki da awaki, Newcastle da Gumboro ga kaji. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin waɗannan allurai, ana samun su ta ofisoshin likitan dabbobi na jiha. Yawancin yarjejeniyoyi na da ƴan kwanakin jira a farko waɗanda ba a biyan mutuwar cuta a cikinsu, saboda kada a kawo musu dabba mai ciwo.

Kamfanoni sun fi son dabbar da ke wuri ɗaya, don haka mai turkar sa ko ragunan layya da mai shanun madara sun fi mai tafiya mashekari samun karɓuwa. Mai turka ya nemi ta watannin kiwon kawai. Satar shanu galibi a waje take, sai in an ƙara ta da ƙarin kuɗi.

Sai maganar yanka. Ɗabi'armu ce in dabba ta kwanta a yi maza a sa mata wuƙa kada ta zama mushe. A wurin kamfani kuwa dabbar da ka yanka da kanka ba mutuwa ta yi ba. Tun ranar cike fom ka tambayi ƙa'idarsu kan yankan gaggawa, ka riƙe lambar likitan da suka amince da shi. In abin ya zo, kira shi ya ba da izini, ka ɗauki bidiyon dabbar tana kwance da lambar kunnenta, ka ajiye kunnen da fatar. Kuɗin naman da ka sayar wa mahauta za a cire daga diyyar. In ta mutu, kada ka binne sai likita ya duba ya rubuta dalili.

Gargaɗi: dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ci, kada a taɓa da hannu. Alamar ciwon saifa ce, yana kama mutane, kuma an tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja a watan Yuli 2023.

Masu kaji su riƙe rajistar kullum: nawa suka mutu, buhun abinci nawa, ƙwai nawa. Akwai adadin mutuwar da ake ɗauka na al'ada ne, ba a biyan sa, kuma kuɗin kaza na bin shekarunta a makonni. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a Kaduna a 2006 kuma take dawowa, a tambaya ko tana ciki, da kuma wa zai biya idan hukuma ce ta ba da umarnin kashe kajin.

11. In an ƙi biya ko ana ja maka rai

Nemi dalili a rubuce, da layin yarjejeniyar da suka dogara da shi. Rubuta wa shugaban reshen kamfanin, ka haɗa kwafin rasit, saƙon sanarwa, hotuna da rahoton malamin gona ko likita. Asalin takardun su zauna a hannunka. In shiru ta yi yawa, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafin masu inshora, kuma ƙorafin da ƙungiya ta kai da sunayen mutum hamsin ya fi na mutum ɗaya saurin motsa ofis. Idan an kawo maka takardar sallama, wadda sa hannu a kanta ke nufin ka yarda da adadin kuma ba ka da sauran magana, ka gwada adadin da lissafinka na mataki na 5 kafin ka sa hannu.